Amsa ga Yaya game da hawan keke a kwarin Fiemme

Yaya, ka tambaya ko lafiya magidanta masu gemu suke barin mota a gida su tafi daji a kan keke, har ka ce ko zaman Italiya ya fara mayar da mu Turawa. To bari in yi maka bayanin wurin da abin da ake yi a cikinsa, hukunci ya biyo baya.

Kwarin sunansa Val di Fiemme, yana lardin Trento a arewacin Italiya, tsakanin duwatsun Dolomiti da na Lagorai, kogin Avisio ya ratsa tsakiyarsa. Mutanenmu ba a can suke zaune ba. Suna ƙasa, wajen Verona da Vicenza da Brescia inda masana'antu suke, 'yan zangon Gana da 'yan Nijar da 'yan Najeriya a cakuɗe. Daga Verona jirgin ƙasa mai tsayawa tasha-tasha zai kai ka garin Ora, inda hawan zuwa kwarin yake farawa, cikin kimanin awa ɗaya da rabi, kuma keken ma tikitinsa daban.

Daga Ora hanyar farko take tashi, ita muke ba wa baƙo. Tsohon layin dogo ne da sojojin Ostiriya suka shimfiɗa lokacin yaƙin duniya na farko, daga Ora zuwa garin Predazzo da ke cikin kwarin, aka rufe shi a 1963, aka cire ƙarafunan aka bar burji. Ora na kimanin mita 240 sama da teku, mashigar San Lugano kuma tana kusa da mita 1,100, tsakaninsu kilomita ashirin da 'yan kai. Da yake don jirgi aka yi ta, hawan bai kai 5 cikin 100 ba, sai dai babu inda zai sake ka ka huta. Za ka ratsa gonakin inabi a Montagna, ka haye doguwar gadar dutse ta Gleno, ka shiga ramukan da aka fasa cikin dutse. Ka riƙe fitila gaba da baya saboda ramukan, don ido da ya fito daga hasken rana yakan ɗauki lokaci kafin ya gani, masu gangarowa kuma da gudu suke zuwa. Abin da ke kayar da sababbi a nan shi ne rainin hawan: su ɗauko shi da zafi a kilomita biyar na farko, kafin rabi cinya ta ƙage.

Tsakiyar kwarin akwai titin kekuna mai kwalta daga Molina zuwa Predazzo har cikin kwarin Fassa. Na iyali ne da yara, babu abin faɗa a kansa.

Hanya ta biyu ita ce aikin maza. Daga Predazzo, kimanin mita 1,000, za ka hau kwalta ta Bellamonte har dajin Paneveggio a kimanin mita 1,500. Dogayen itatuwa ne miƙaƙƙu masu ganye siriri, waɗanda ake fafe gogen Turawa da katakonsu saboda yadda yake ɗaukar amo. A Pian dei Casoni burji ke farawa, ka shiga Val Venegia, ka wuce rugagen kiwo biyu, Malga Venegia da Malga Venegiota, dutsen Cimon della Pala mai mita 3,184 yana tsaye a gabanka. Har nan da sauƙi. Bayan ruga ta biyu hanya ta fara nannaɗewa zuwa bukkar Baita Segantini a mita 2,170, tsakuwar kuma manya ce, sakakkiya. Idan ka miƙe tsaye kan feda tayar baya za ta yi ta juyawa a banza, don nauyi ya bar kanta. Zauna a sirdi, matso gaba kaɗan, taka a hankali ba fizga. Daga sama ka gangara mashigar Passo Rolle, ka kama kwalta zuwa gida. Kafin tsakiyar Yuni kana iya tarar da dusar ƙanƙara a lanƙwasar ƙarshe, bayan Oktoba kuwa ka haƙura.

Keken da ake hawa kansa lanƙwasasshe ne irin na tsere, amma tayarsa mai kauri. Faɗin milimita 40 zuwa 45 ya dace da wannan tsakuwa. Mai nauyin kilo 75 ya sa iska tsakanin 2.5 da 3 a ma'aunin bar na famfo. Ya cika ta tam, keken ya yi ta tsalle, birki ba ya kamawa. Ya rage ta da yawa, dutse ya matse tiyub da bakin rim ya huda shi wuri biyu. Shi ya sa yawancinmu muka koma taya marar tiyub, a zuba ruwan faci mililita 60 a kowace. Ruwan yana bushewa cikin wata uku zuwa huɗu, wanda ya ajiye keke duk hunturu bai duba ba zai gane hakan ne a tsakiyar daji. Duk da haka a riƙe tiyub guda, famfo, mahaɗin sarƙa, da takalmin birki na canji. Giya kuwa, haƙoran faifan baya mafi girma su kai na gaba ko su ɗara, kamar 40 gaba 42 baya. Wanda ya zo da giyar kwalta turawa zai yi.

Gangara ta fi hawa haɗari. Mita dubu kake saukowa, idan ka riƙe birki ba saki faifan birkin zai yi zafi ya daina ci. Matsa da ƙarfi kafin kwana, saki, sake matsawa, kada ka danne na gaba a tsakiyar kwana kan tsakuwa. Sanyi ma na ƙaruwa da kusan digiri 6 a duk mita dubu, mutum ya jiƙe da gumi, iska ta buge shi, yatsu su kasa jan birki. Rigar iska da safar hannu dole ne ko a Agusta. A Yuli da Agusta hadari da tsawa sukan taso bayan azahar, don haka da asuba ake fita. Lambar gaggawa 112.

Guguwar Vaia ta ƙarshen Oktoban 2018 ta kwantar da miliyoyin itatuwa a wannan yanki, ƙwaron da ke cin ɓawo ya biyo baya yana busar da sauran. Har yanzu ana sara, tireloli na sauko da gungume a hanyoyin daji. In ka ga allon rufe hanya ka juya. Wani babban ɓangare na dajin kwarin mallakar jama'arsa ne ta hannun ƙungiyarsu, Magnifica Comunità di Fiemme, wadda takardunta suka faro daga 1111, kuma ba sa wasa da shi. Ƙofar shinge da ka buɗe ka rufe, saniya mai ɗan maraƙi ka ba ta hanya.

Yanzu ga abin da ya fi damunka. Wandon nan matsattse ba a fita da shi haka, ana ɗora dogo a kai, gwiwa a rufe. Ruwan alwala ba ya wuya, kusan kowane ƙauye da famfonsa mai zuba dare da rana, sai wanda aka rubuta non potabile ne ba a sha. Abinci ne wurin lura: speck naman alade ne, yana cikin dunƙulen burodin da suke kira canederli, wani burodin ma da kitsen alade ake yin sa, sunan kitsen strutto, sai ka tambaya. Polenta da cuku ta ishe ka, tuwon masara ce ba miya. Dabino da ƙuli-ƙuli suna aljihu.

Kun ce 'ya'yanmu sun auri Turawa sun ɓace. Wasu sun aura, gaskiya ne, kuma surukan ne ma suka nuna wa da yawa waɗannan hanyoyi. An ɗaura aure da waliyyi da sadaki, an yanka ragon suna. Hausar jikoki tana da rauni, wannan ba mu musa ba, yana kuma ci mana rai. Amma mutanen Ora Jamusanci suke yi a cikin Italiya, na Fassa suna da yarensu Ladin har a makaranta, babu wanda ke mamakin ya ji uba yana yi wa ɗansa faɗa da Hausa a kan hawa.

Abin da ke ba mu haushi kaɗan, a gida an mayar da keke shaidar talauci, alhali kakanninmu da Raleigh suka yi tashe. Hoto ɗaya za a gani a waya a ce wane ya karye, wani kuma ya ji sabon keken yana kai Yuro 1,500 ya ce ashe kuɗi ake ɓoyewa. Yawancin namu na hannu ne. Mutumin da ya yini kwana biyar a tsaye gaban inji, likita yana masa maganar suga da hawan jini, shi ne kake gani a hoton. In Allah ya kawo ka, ka zo tsakanin Yuni da Satumba, daga Ora za mu fara da kai.