Alhaji, Kafin Ka Sayi Fitilun, Kilo Nawa Kuka Fitar?

Wani Alhaji mai sauke albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya rubuto mini. Ɗan ƙanwarsa da ya gama jami'a ya ja shi noman wata gansakuka mai suna Haematococcus, wadda ake tatsar jan sinadarin astazantin daga jikinta, mai kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Ya zuba naira miliyan 4 a wani fili a Ikorodu, wata 8 ke nan. Yanzu yaron na neman ƙarin miliyan 3 na fitilu da tankuna don launin ya ƙaru. Ya ba shi?

Alhaji, kada ka ba shi ko kwabo tukuna.

Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman abu ɗaya, ban gani ba: kilo nawa na busasshiyar gansakuka kuka fitar a wata 8 ɗin nan? Ka ce ruwan yana yin ja "sosai". Kai da ba ka yarda a sauke maka tirela sai ka ƙirga buhu ɗaya-ɗaya, yau kai ne kake auna miliyoyinka da ido, don mai riƙe da su jininka ne?

Ba na cewa yaron maƙaryaci ne, ilimin da ya gaya maka haka yake. Gansakukar tana tashi kore cikin wadatar abinci. In an hana ta naitirojin, sinadarin nan da ke cikin taki, aka buga mata haske mai ƙarfi ko aka ɗan sa gishiri, sai ta daina hayayyafa ta tara jan sinadari don kare kanta. Shi ya sa ake nomanta hawa biyu, a yawaita ta tukuna sannan a wahalar da ita. Wanda ya yi gaggawar wahalar da ita zai ga ruwa ja wur, ya tace ya samu abin da bai cika kofi ba. Jan da ke faranta maka rai ke nan.

Ga lissafin a gurguje. A buɗaɗɗen tanki da ƙyar lita ɗaya ta ba da giram 1 na busasshiya. Tanki mai lita 1,000 kilo 1 ke nan in an dace. Sinadarin kuwa kusan kashi 3 cikin 100 ne na nauyinta, wato giram 30. Cire kuɗin dizal. Sannan wannan halitta ta fi son sanyi, maki 20 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyos, zafin Legas kuma yakan haura 30. Kamfanonin da suka yi suna a kanta, irin Cyanotech a Hawai da Algatech a Isra'ila, sun narka dukiya wajen tsafta da daidaita zafi. Fitila ba ta sanyaya ruwa.

Na san wani bawan Allah a Agege da ya damƙa wa surukinsa tafkunan tarwaɗa a Epe. Shekara biyu ba littafi, kullum "kifi na girma, Baba". Ranar da aka kwashe, kuɗin abincin ya fi kuɗin kifin. Surukin bai ci ko sisi ba, shi kansa bai san asara ake yi ba. Har yau ba sa ga maciji.

Ka sayi littafi da ƙaramin sikeli, duka ba su kai buhun albasa ba. Kullum a rubuta zafin ruwa safe da azahar, ranar da aka janye abinci, nauyin da aka busar, da dizal ɗin da aka ƙona. A kai samfuri ɗakin gwaji a auna sinadarin, ka ga takardar da idonka. Ka tambaye shi wa zai saya, kuma ko ya san sai da rajistar NAFDAC ake sayar wa mutane abin sha. Masu abincin kifi kam mafi yawansu astazantin da aka haɗa a masana'anta suke saye, don ya fi arha nesa ba kusa ba.

In lambobin suka fito ba daɗi, akwai wata gansakukar mai suna sifirulina, wadda ke son zafi da ruwan kanwa, kuma tana ba da shuɗin launi. Matan Kanembu a yankin Tafkin Chadi sun daɗe suna kwasarta su shanya. Amma wannan zance ne na bayan an yi wata 3 ana rubuta lambobin. Ka kawo mini littafin mu duba tare.