Shin Mansa Abubakari na Mali ya riga Kolumbus zuwa Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin tarihi ne a shekarar ƙarshe, kuma ina ɗan taɓa rubutun labarin fim. Na ware babi guda a kundina a kan Mansa Abubakari na Biyu, sarkin Mali da ya ƙetare teku da jirage 2000 ya isa Amurka kusan shekara 180 kafin Kolumbus. Malamin da ke duba aikina ya ja jan biro a kan babin gaba ɗaya, ya ce ba hujja. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Wannan ba shi ne ɓoye tarihin baƙar fata da Musulmi da Turawa suka saba yi ba, ga shi yanzu namu na taya su? Labarin fim ɗin da na fara a kan sarkin kuma fa, in yar da shi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka. Malaminka bai zalunce ka ba, kuma ba ɗan koren kowa ba ne. Da ya bar babin nan ya wuce, mai jarrabawa na waje ne zai tsayar da kai a gaban jama'a. Fim ɗinka kuwa kada ka yar da shi, zan zo kansa.

Tunda ɗalibin tarihi ne kai, bari mu yi wa labarin abin da malaman hadisi ke yi wa ruwaya, mu duba isnadinsa. Duk wannan magana daga wuri ɗaya ta fito: littafin Masalikul Absar na Al-Umari, magatakardan daular Mamluk ta Masar, wanda ya rasu a 1349. Shi bai ga Mansa Musa ba. Kimanin shekara 12 bayan wucewar Musa ta Alƙahira kan hanyar hajjinsa ta 1324 ya tattara labarin Mali daga bakin waɗanda suka zauna da shi. Ɗaya daga cikinsu, Ibn Amir Hajib, ya ce ya tambayi Musa yadda sarauta ta zo hannunsa. Musa ya ce sarkin da ya gada bai yarda cewa ba a iya kaiwa ƙarshen teku ba. Ya shirya jirage 200 na mutane da wasu 200 na zinariya da ruwa da guzuri, ya ce kada su juyo sai sun ga ƙarshensa ko guzuri ya ƙare. Jirgi ɗaya ya komo. Shugabansa ya ce sun tarar da wani abu kamar kogi mai ƙarfin gudu a tsakiyar teku, sauran suka shiga ba su fito ba, shi ya juya. Sai sarkin ya shirya 2000, dubu nasa da mutanensa, dubu na guzuri, ya bar wa Musa riƙon ƙasa, ya tafi. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Iyakarta ke nan. Ka sake karantawa, ka nuna mini inda aka ce ya isa wata ƙasa. Babu. Ko sunan sarkin ma Al-Umari bai faɗa ba. Ibn Khaldun, wanda ya jero sarakunan Mali, ya ce wanda Musa ya gada shi ne Muhammad ɗan Ƙu, kuma bai ambaci tafiyar teku ba ko da kalma ɗaya. Abubakar ɗin da ke cikin nassin Ibn Khaldun kakan Musa ne ta wajen nasaba, masu fassara na Turai a ƙarni na 19 suka karkace suka naɗa shi sarki. Masanin tarihi Nehemia Levtzion ya warware wannan tun 1963. Ka ga ke nan sunan da ka ɗora a kan babinka, da sunan kare tarihinmu daga Turawa, kuskuren Bature ne.

Ni ban ce tafiyar ba ta faru ba. Ikon Mali ya kai bakin teku ta wajen kogin Gambiya, kuma kogin nan na tsakiyar teku ya yi kama da igiyar ruwan da ke gangarowa daga tsibiran Kanari ta karkata yamma. Mutumin da bai taɓa shiga teku ba da wuya ya ƙago irin wannan. Amma kuma ka tuna wanda ke ba da labarin: sarki ne da sarauta ta koma gidansu daga wani reshe na zuriyar, ana tambayarsa a baƙon wuri yadda aka yi ya hau. Ba kowane sarki ke son dogon bayani a kan wannan ba.

Yanzu ga inda nake son ka ba ni kunnenka, don wannan ita ce cutar da nake fama da ita a aji da wajen aji. Mutane sun kasa raba "zai yiwu" da "ya faru". Kullum sai an turo mini saƙon murya a WhatsApp, ko bidiyon wani mai tabarau a TikTok yana cewa "bincike ya tabbatar". Wane bincike? Wa ya yi? A ina aka tona? Shiru. In ka matsa, sai a ce ai Turawa sun ɓoye. Wannan amsa ce mai daɗi domin ba ta taɓa faɗuwa: in an samu hujja an ci nasara, in ba a samu ba an ce ɓoyewa aka yi. Da irin wannan ma'auni ni ma zan iya cewa mutanen Daura ne suka gina Landan.

Zai yiwu, ƙwarai kuwa. Tsakanin Senegal da gaɓar Brazil kusan kilomita 3000 ne, kuma ruwa da iska suna tura mai tafiya yamma. A 1969 Thor Heyerdahl ɗan Norway ya ɗauko masu ɗaura jirgin ciyawa daga Tafkin Chadi suka yi masa jirgi mai suna Ra, ya tashi daga Safi ta Maroko, jirgin ya lalace kafin ya kai. A 1970 ya sake gwadawa da na biyu ya isa Barbados cikin kwana 57. Abin da wannan ya nuna shi ne ana iya ƙetarewa. Bai nuna an ƙetare a 1312, shekarar da ake cewa sarkin ya tafi, ba. Kuma ga tambayar da masu saƙon murya ba sa so: tsibiran Kef Bad ba su kai kilomita 600 daga Senegal ba, suna kan hanyar, amma da 'yan Fotugal suka isa can wajen 1460 ba su tarar da kowa zaune ba. Mutanenmu gwanayen ruwa ne tun fil'azal, kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987 ya kai shekara 8000. Sai dai tuƙin kogi da tafki daban, ratsa teku daban.

Ka dubi yadda hujja take idan akwai ta. Mutanen Iceland suna da labaran kakanninsu da suka je wata ƙasa a yamma da suka kira Vinland. Shekaru aru-aru masana, Turawa 'yan'uwansu, suna jan ƙafa a kan maganar. Sai a 1960 Helge Ingstad da matarsa Anne Stine suka kai ga wani kufai a L'Anse aux Meadows, a arewacin Newfoundland ta Kanada. Da aka tona aka samu harsashin gine-gine takwas, da maƙera, da ƙusoshin jirgi na ƙarfe, da allurar tagulla ta maƙale mayafi, da dutsen mazari. A 2021 aka auna itacen da aka sare da ƙarfe a wurin aka samu shekarar 1021. 'Yan tsiraru ne, zaman ɗan lokaci suka yi, ga abin da suka bari. To ina na jirage dubu cike da Mandinkawan Mali? Ina tukunyarsu, ina maƙerarsu, ina kabari ɗaya mai fuskantar alƙibla? Ina gero da dawa a can kafin 1492?

Za a ce maka ga kawunan dutse na Olmek a Meziko masu faɗin hanci da kaurin leɓe. Al'ummar Olmek ta shuɗe wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato kusan shekara 1700 kafin a haifi Mansa Musa. Wanda ya yaɗa wannan magana, Ivan Van Sertima, a littafinsa na 1976, shi kansa da mutanen Nubiya ya danganta kawunan, 'yan intanet ne suka cakuɗa su da Mali. Babin da ya yi a kan Abubakari kuwa da salon ƙagaggen labari ya rubuta shi, har da abin da sarkin ke saƙawa a zuci, kuma daga nan mafi yawan abin da ka karanta ya gangaro. Za a kuma ce Kolumbus ya ga masallaci a Kyuba. Har shugaban Turkiyya Erdogan ya maimaita wannan a 2014. Abin da ke cikin littafin tafiyar shi ne ya ga wani ɗan tudu a kan dutse mai siffa kamar masallaci. Kamar. Kalma ɗaya aka sauke aka gina masallaci da ita.

Haɗarin abin ba a jan biron malaminka ya tsaya ba. Yaron da aka cika wa kai da wannan, ranar da ya gano ramin ƙarya ƙurarre ne, zai fara shakkar har abin da yake tabbatacce: Timbuktu da littattafanta, zuwan Wangarawa Kano, hajjin Musa kansa. Sannan akwai zalunci a ciki. Mun ji zafi da Turawan mulkin mallaka suka ce baƙar fata ba zai iya gina Babbar Zimbabwe ba, ko ƙera kawunan tagulla na Ife, sai dai wasu baƙi daga waje. To shi ne fa daidai abin da muke yi wa mutanen Meziko in muka ce sai da Afirka ta je ta koya musu sassaƙa.

Kada ka ɗauka Kolumbus nake karewa. Shi ma marubuta da 'yan fim ne suka yi masa ado. Maganar cewa malaman zamaninsa sun ɗauka duniya shimfiɗaɗɗiya ce shi kaɗai ya san ƙwallo ce, Washington Irving ne ya yaɗa ta a tarihin Kolumbus da ya wallafa a 1828, ta shiga littattafan makaranta. A fim ɗin da Ridley Scott ya yi a 1992 don cikar tafiyar shekara 500, har da wurin da yake nuna wa ɗansa siffar duniya da lemo. Alhali masanan da suka yi masa musu sun fi shi gaskiya. Sun san duniya ƙwallo ce, gardamarsu a kan girmanta take. Kolumbus ya ɗauki lissafin Al-Farghani na zamanin Abbasiyawa, ya auna shi da mil ɗin Rumawa wanda bai kai na Larabawa tsawo ba, duniya ta ragu masa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ba don ya ci karo da ƙasar da bai san da ita ba, da ƙishirwa ta gama da su. Ya mutu a 1506 yana cewa Asiya ya je. Ƙasar kuma cike take da mutane tun dubban shekaru, don haka gasar wa ya fara "ganowa" tun daga tushe ba ta da kai.

Abin da ya sa ake lissafa 1492 shi ne abin da ya biyo baya. Masara, rogo, gyaɗa, barkono, tumatir, dankali, taba, duk ta wannan hanya suka iso mu. Ta ita kuma aka kwashi mutum kusan miliyan 12 da rabi daga Afirka a cikin jiragen bayi, kusan kashi 40 cikin 100 zuwa Brazil.

A nan nake son ka tsaya, mai neman Musulmin Afirka a Amurka. Suna nan, da takardunsu. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa Hausawa da yawa hannun fataken bayi, aka gangara da su bakin teku aka kai su Bahia ta Brazil. A 1807 hukumar can ta bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a birnin Salvador. A 1814 suka tashi da gaske. A daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, cikin ƙarshen Ramadan, Musulmin birnin, yawancinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka fito da fararen riguna da layu a wuya. Takardun Larabci da 'yan sanda suka ƙwace suna ajiye har yau, kuma masanin tarihi João José Reis ya yi littafi sukutum a kan shari'ar da aka yi musu. Ban taɓa samun saƙon murya ɗaya a kan waɗannan bayin Allah ba. Sarki da jirage 2000 ya fi daɗin turawa.

Game da fim ɗinka: rubuta abinka. Mai ƙaga labari yana da 'yancin da mai kundi ba shi da shi, sharaɗi ɗaya ne, kada ka rubuta "labarin gaskiya" a farkonsa. In da ni ne ma ba zan kai sarkin Amurka ba. Zan tsaya a kan mutumin nan da ya juyo da jirginsa shi kaɗai, ya shiga fada ya faɗi abin da ya gani, da kuma Musa da aka bar wa riƙon ƙwarya yana jiran wanda komowarsa za ta raba shi da gadon sarauta. Ba kwa buƙatar jirage 2000, wanda na san kasafinku ba zai ɗauka ba ko da na kwali ne.

Babin kundin kuwa yana gyaruwa. Sauya tambayar daga "ya isa Amurka?" zuwa "yaya ruwaya ɗaya ta Al-Umari ta zama labarin Abubakari na Biyu?" Nemi nassin a tarin majiyoyin Larabci na tarihin Afirka ta Yamma da Levtzion da Hopkins suka fitar a 1981, ka ajiye shi gefe da jerin sarakunan Ibn Khaldun, ka bi sawun abin da kowane marubuci ya ƙara daga baya. Ka koma wa malaminka da wannan tsari, ka kuma ba shi haƙuri in har ka riga ka faɗa masa abin da ka faɗa mini.