Amsa ga mai tambaya kan garwaya wake

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya da dare na ga tambayarka, sai yau bayan azahar na samu natsuwar amsawa. Ka ce ka sari wake buhu 30 da kaka, ƙwari sun ci biyar, abokan sana'a kuma suna ce maka ka garwaya su cikin masu kyau, wai kaɗan ne, ba wanda zai cutu. Ga shi uwar kuɗin ta ubangidanka ce.

Shekarata 22 a harkar hatsi, daga nan Katsina zuwa Mai'adua da Charanchi da Dandume. Maganar nan da aka faɗa maka, ni ma an taɓa faɗa mini ita, kuma na ɗauka. Lissafin da na yi a ranar shi ne: in na raba ɓarnar a kan mutum hamsin, kowa ɗan kaɗan zai taɓa shi, in kuwa na ɗauke ta ni kaɗai, na karye. Na garwaya. Akwai wata baiwar Allah mai ƙosai da ke awo a wurina duk mako, mafi yawa bashi, sai ta sayar ta biya. Bayan kwana uku ta dawo da ragowar waken a ƙullin zane, ta buɗe a gabana. Ƙosanta ya yi wari, kwana biyu tana komawa gida da shi. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Alhaji, ashe har da ni?" Ta ƙirga kuɗina ta ajiye, ban sake ganin ta a rumfata ba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Da ɗana ya shiga jami'a ne ya gaya mini cewa lissafin nan nawa yana da masu shi. Bentham da John Stuart Mill, masanan falsafa na Ingila, sun ce a auna aiki da yawan amfani ko cutarwar da zai jawo wa jama'a. Ban raina wannan ba, malamanmu ma suna duba maslaha. Amma a kasuwa, mai lissafin shi ne mai cin ribar, don haka hannunsa kullum yana danne ma'auni. Ni na rubuta "ɗan kaɗan" a madadin matar nan ba tare da na tambaye ta ba, alhali tiya biyu ita ce jarinta kaf. Sannan wanda ba ya wurin ciniki ba ya shiga lissafi ko kaɗan. Dubi masu zuba fiya-fiya a wake. Yaron da zai ci alala a wani gari ba ya gabansu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da aka samu a ciki, hukuncin ya hau kan mai zubawa da wanda bai taɓa zubawa ba.

Kant, wani Bajamushe, tambayarsa daban ce: za ka yarda abin da kake shirin yi ya zama dokar kowa? To mu mun ga amsar da idonmu. Me ya sa ɗan sari ba ya biyan kuɗi sai ya soke buhu sama da tsakiya da ƙasa? Algus ne ya jawo. Kuma fiye da shekara dubu kafin Kant, Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ka lura, ba a hana shi sayar da jiƙaƙƙen ba. Ɓoyewar aka hana.

Abin da Aristotal, masanin falsafar Girka na zamanin da, ya faɗa, cewa hali da maimaici yake kafuwa, shi ma gaskiya ne, kuma na ji shi a jikina. Da matar nan ba ta dawo ba, na san garwayawa ta biyu ba za ta hana ni barci ba.

Ba ina cewa a daina auna sakamako ba. Ajiye hatsi zuwa bazara, misali, sai an auna: ajiya a shekarar wadata daban, rufe sito gari na cikin yunwa daban, wannan shi ne ɓoyon da aka tsawatar a kansa. Amma ni yanzu ba na fara lissafi sai na tambayi kaina ko zan iya faɗa wa mai saye abin da na yi da bakina. In ba zan iya ba, ba na ɗauko biro.

Don haka ka fara da ubangidanka. Ka je da kanka, kada ya ji a bakin dillali. Buhuna biyar ɗin nan ka ware su nesa da sauran tun yau, ka sa a sheƙe a shanya. Wanda ya ciwu sosai masu kiwo suna saye. Mai dama-dama ka buɗe bakin buhu, ka faɗi aibinsa, a taya, ka sallama. Za ka yi asara, ba zan ɓoye maka ba. Kaka mai zuwa in Allah ya kai mu ka nemi buhun PICS mai ruɓi uku, ka tabbata waken ya bushe ƙayau kafin ka ɗaure, iska ba ta shiga, ba ka buƙatar magani. Sauran 25 ɗin ma ka duba su kafin Juma'a.