Mai karatun noma, me ya haɗa shi da tarihi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a fannin noma, amma an ɗora mana darasin tarihi dole. Ban ga abin da labarin mutanen da suka daɗe da rasuwa zai ƙara mini a gona ba. Akwai wani amfani da ya wuce haddar sunayen sarakuna?

Amsa: Ɗana, in haddar sunaye kaɗai aka ba ka, kana da gaskiya ka gaji. Amma tunda noma kake karantawa, bari in ɗauko maka abin da ka sha gani a hoto, wato dalar gyaɗa ta Kano, mu duba yadda ta tashi da yadda ta ɓace.

Lokacin da Heinrich Barth, Bajamushen nan mai yawon bincike, ya shigo Kano a 1851, ba gyaɗa ya tarar tana riƙe da garin ba. Saƙa da rini ya gani, tufafin Kano suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Saboda sunan da ƙasar ta yi wajen auduga, da Turawa suka ci Kano a 1903 sai suka sa rai nan za su riƙa samo wa masaƙun Ingila auduga. Wannan buri na cikin dalilan da suka sa aka jawo layin dogo, ya iso Kano a 1911.

To, sai manomi ya yi nasa lissafin. Audugarsa masaƙan gida suna sayenta da daraja fiye da yadda Bature ke tayawa. Gyaɗa kuwa tana son ƙasar jigawa, ana haɗa ta da gero a gona ɗaya, kuɗinta ya isa biyan haraji, in kuma shekara ta ƙi, a ci abar. Auduga ba ta shiga tukunya. Daga 1912 sai gyaɗa ta cika tashar jirgi, abin da masu mulki ba su shirya masa ba. Wannan wuri nake so ka tsaya ka yi tunani a kai, domin nan gaba kai ne za ka kai wa manoma sabon iri. Mutumin da za ka tarar a ƙauye jikan waɗanda suka juya wa tsarin Turawa baya ne, da hujja kuma suka yi hakan. In ya ƙi irinka, ka fara tambayarsa dalili kafin ka ce bai waye ba.

Su ma masu sayen gyaɗar ba daga sama suka faɗo ba. Fataken goro ne da suka saba hanyar Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, suna da jari, suna da yara a ƙauyuka, an kuma yarda da su. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga cikinsu ya fito.

Ita kanta dalar, wadda muke tunawa da alfahari, tana da wata fuskar. Buhuna ne da aka tara suna jiran jirgi, saboda layin dogo ɗaya bai iya kwashe amfanin shekara zuwa Legas da wuri. Sa'annan daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ce ke yanka farashi, tana biyan manomi ƙasa da abin da ake samu a kasuwar duniya, rarar ta shiga aljihun gwamnati. An yi ayyukan raya ƙasa da kuɗin, ba na musu, amma gumin talaka ne, shi kuwa kaɗan ya gani. Yana ba ni takaici in ji ana cewa a dawo da dala, ba a tambayi nawa za a biya wanda ya noma ba.

Faɗuwar ma ba dalili ɗaya gare ta ba, ko da yake man fetur kaɗai ake ɗora wa laifi. Fari ya yi tsanani tsakanin 1972 da 1974. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda wasu ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta cinye gonakin Arewa. Kuɗin fetur ya sa gwamnati ta daina damuwa da abin da gona ke kawowa, samari suka nufi birni. Manoma da yawa suka koma wa wake da gero da dawa. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona baki ɗaya. Gyaɗa dai ba ta ƙare ba, har yau Najeriya na sahun gaba a Afirka wajen nomanta, sai dai yanzu a gida take ƙarewa, a mai da ƙuli-ƙuli da kunu.

In ka je hutu, nemi dattijon da ya yi noma a 1975, ka zauna da shi da littafinka. Tambaye shi wane iri ya shuka, wane ne ya tsira, nawa aka sayi buhu, me suka ci a wannan shekarar. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun tsufa, kuma mafi yawan abin da suka sani ba wanda ya rubuta shi.