Amsa ga ɗan'uwa mai tambaya kan cin dakare a buɗin wasan ces

Salamu alaikum. Malam, ka tambaya ko ya dace ka ci dakaren (ƙaramin sojan layin gaba) da aka miƙo maka a farkon wasa, ko kuwa ka bar shi domin jerin dakarunka ya zauna lafiya, tunda ka ce kana cin riba da wuri amma ƙarshe a cinye ka. Wallahi tambayar nan ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi.

Akwai wani dattijo a majalisar da na koyi wasa, can wajen Ƙofar Ƙaura, wanda ya riƙa gaya mana cewa duk abin da aka ba ka ka ci, kuma ka riƙe shi gam. Ashe tarko yake haƙa wa masu koyo. Yakan buɗe da tura dakaru zuwa d4 da c4 (sunayen gidajen allon wasa ne), ka ci na c4, ya tura e3, kai kuma ka kare ribarka da b5 kamar yadda ya koya maka, shi kuwa ya turo a4, ka ƙara da c6, ya ci b5, ka rama da na c6. Ina gani ya ɗauki sarauniyarsa a hankali ya dire ta a f3, hanya ta buɗe fayau har zuwa hasumiyata da ke a8, ya kishingiɗa yana kallon jama'a suna dariya. Na roƙe shi ya nuna mini inda matsalar take, ya ce in je in girma. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin da gangan ya koyar da mu abin da ya san zai kā da mu.

Don Allah kada ka ɗauki cin c4 laifi ne. Riƙe shi ne yake rusa gida. Ka ci, ka bar shi ya karɓi abinsa, kai kuma ka fito da doki f6, ka tura e6 da c5. Dakaren b2 kuwa, wanda sarauniya take tafiya ci ita kaɗai, ko Fischer da ya ƙware a kansa ya sha kashi a hannun Spassky a wasa na 11 na gasar zakaran duniya ta 1972 saboda shi.

Kuma kada tsoron dakaru biyu a layi ɗaya ya firgita ka. A buɗin Ruy Lopez, idan fari ya ci dokinka na c6, ka rama da dakaren d7, ka rage da bishof biyu da fili, kuma in ya yi kwaɗayin e5 sarauniya ta zo d4 ta karɓo. Sai dai ka guji yawan musaya, saboda in aka kai ƙarshen wasa, dakarunsa huɗu na ɓangaren sarki za su fi naka uku, naka masu goyon juna kuwa ba sa iya fitar da mai wucewa, wato dakaren da babu na abokin karawa da zai tare shi. Da wannan buɗin Lasker ya doke Capablanca a 1914.

Ka turo mana matakan wasanka na ƙarshe yadda suke, mu duba tare daga inda ka ci dakaren.