Anti, bacci ya ƙaurace min, har na fara zargin ƙawayena

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ni ɗaliba ce, shekarata 23. Tun da 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu muka dawo Gusau wajen kawuna bacci ya ƙaurace min, sai in kwanta in ta juyi har a kira assalatu, ko mashin ne ya wuce sai gabana ya faɗi. Yanzu abu kaɗan sai kuka ko faɗa, in ƙawayena na hira gani nake da ni suke. Wasu sun ce iska ce, wata ta ce in sayi ƙwayar bacci a kemis. Don Allah hauka na fara?

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yata. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ba hauka kika fara ba, duk wanda ya ga abin da kika gani dole jikinsa ya zauna cikin ɗar-ɗar.

Da can ana ɗaukar rashin bacci alama ce kawai ta damuwa, amma masu binciken halayyar ɗan Adam sun gano shi ma da kansa yana haifar da ita. A 2007 Matthew Walker da abokan aikinsa a Amurka sun hana wasu matasa bacci na kusan awa 35 sannan suka nuna musu hotuna masu tayar da hankali, sai ga shi ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro ya zabura fiye da na waɗanda suka yi bacci da kusan kashi 60 cikin 100. Awa 35 fa kawai, balle ke da kika daɗe a haka.

Shi kuwa zargin da kike wa ƙawayenki, Daniel Freeman na jami'ar Oxford a Ingila ya taɓo shi kai tsaye a 2017, ɗalibai sama da 3,700 masu fama da rashin bacci ya sa a binciken, waɗanda aka koya wa dabarun gyara bacci ba tare da ƙwaya ba, zargin mutane ya ragu musu, damuwa da fargaba ma sun ragu. Wannan ne ya sa nake da kyakkyawan fata a kanki.

To ki fara daga nan. In kin tashi asuba ki riƙe wannan lokacin kullum ko daren bai yi daɗi ba, ƙailula kar ta wuce minti 30, shayi da goro da lemon kwalba mai sinadarin caffeine (mai hana bacci) ki bar su tun azahar don suna daɗewa a jiki. In kin kwanta kamar minti 20 bacci bai zo ba ki tashi zaune ki yi azkar ko karatu a hankali, ban da waya, sai kin ji ya zo ki koma.

Ƙwayar kemis kam a'a wallahi, jiki na saurin sabawa da ita, barinta kuma ya zama wani ciwon. Addu'a ki riƙe ta, amma ki haɗa da asibiti, saboda firgitar nan bayan hari tana da nata maganin. Ki roƙi kawu ko matarsa su raka ki Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau, in da buƙata za su tura ki asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato, kuma kar ki ji kunyar hakan. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, ki faɗa musu a ranar ku tafi, kar ki jira gobe.