Kuɗi sun shigo asusunka ba ka san mai su ba: kar ka ci, kar ka mayar da hannunka

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ranar Talata ka ga alat na naira 380,000 da sunan wanda ba ka sani ba, washegari wani ya kira ka yana marairaicewa wai kuskure ya yi, har ya turo maka lambar asusun da za ka mayar masa. Kana tambaya ko ka tura kawai ka huta. Kar ka tura, kuma kar ka taɓa ko sisi a ciki. Ta hanyar da kuɗin suka shigo ta nan za su koma, kuma banki ne zai mayar da su, ba kai ba.

Fara da tabbatar da cewa sun shigo da gaske. Saƙon tes ba hujja ba ne, ana ƙirƙirarsa da sunan banki har da ragowar kuɗin bogi. Buɗe manhajar bankinka ka duba, sannan ka ciro sitetimen na wannan satin. Abu uku za ka nema: cikakken sunan wanda ya turo, bankin da kuɗin suka taso, da doguwar lambar nan mai alƙaluma 30 da ma'aikatan banki ke kira seshan. Da ita bankunan biyu ke bin sawun tiransifa a tsarin NIBSS, wato kamfanin da ke haɗa tiransifa tsakanin bankunan Najeriya. Ka ɗauki hotonsu ka ajiye.

Sannan ka yi tunani, don sau da yawa kuɗin naka ne, sunan ne ya rikita ka. Kwastoman da ya ɗauki atamfa bashi a Kwari zai iya biya ta wajen mai POS, sai sunan mai POS ɗin ya fito. Ɗan'uwa da ke Saudiyya ya aiko ta hannun ɗan canji a Wapa, sunan ɗan canjin za ka gani. Akwai kwasar adashi, akwai tsohuwar tiransifa da ta maƙale aka dawo maka da ita. Tambayi yaron shago da mutanen gida, amma kar ka faɗi adadin. Mai kuɗi shi zai faɗi nawa ne.

Yanzu ga inda haɗarin yake. Ɗan damfara yana tallar kayan da ba shi da su, a ce shinkafa a farashi mai rahusa. Wani bawan Allah ya yarda zai saya, sai ɗan damfarar ya ba shi lambar asusunka, wadda wataƙila a jikin kwalin da ka manna a bakin shago ya gan ta. Kuɗi na shigowa sai ya kira ka da muryar tausayi, wai kuɗin asibitin mahaifiyarsa ne, ya ba ka wani asusu daban. Ka tura, ya cire a wajen mai POS cikin minti biyar, ya jefar da layin. Wanda aka cuta kuma risitin da ke hannunsa sunan wa ke kai? Naka. Kai za a rufe wa asusu, kai 'yan sanda ko EFCC za su gayyata, kuma kai za a ce ka biya, domin a takarda kai ka karɓa kai ka fitar. Wani lokacin ma ba kuɗin shinkafa ba ne, daga asusun da aka yi wa kutse aka kwaso su, ana neman wanda za a bi ta kansa a ɓatar da sawu.

Tambaya guda ta isa ta nuna maka inda aka dosa: ina ya samo lambar wayarka? Wanda ya yi kuskuren tiransifa zuwa banki na yau da kullum sunanka kawai yake gani. In asusunka irin na OPay ko PalmPay ne, wanda lambar wayarka ce aka cire sifilin farko, to ba abin mamaki ba ne ya same ka. In ba haka ba, a sa alamar tambaya. Haka nan in sunan asusun da ya ba ka ya saɓa da wanda ke kan sitetimen, magana ta ƙare. Ko da sunan ya zo daidai ma ban ba ka shawarar turawa da kanka ba, saboda zai iya karɓar naka, ya koma bankinsa ya shigar da ƙorafi a kan na farkon, a ɗaure maka wasu 380,000 ɗin. Banki bai san tiransifar da ka yi mayarwa ce ba, a wurinsa sabuwar hulɗa ce.

Abin da za ka gaya masa gajere ne: “Alhaji, kuɗinka na nan ban taɓa ba. Je bankinka ka rubuta ƙorafi, ni ma na sanar da nawa.” Mai gaskiya zai ji haushin jinkirin, amma zai je. Wanda ya koma zagi, ko barazana, ko ya ce ka riƙe dubu 20 na goro ka turo sauran, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne. Kar ka goge saƙonninsa. Duk kuma wanda ya kira da sunan ma'aikacin banki yana neman OTP (lambar tabbatarwa da banki ke turo maka ta tes), lambar sirrin katinka ko BVN wai don a juya kuɗin, katse wayar. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu.

Gobe da safe ka je reshen bankinka da katin shaida, wajen teburin kula da kwastomomi. Rubuta wasiƙa ga manaja: sunanka, lambar asusunka, rana da lokacin da kuɗin suka shigo, adadi, sunan mai turowa, lambar seshan, da bayanin cewa ba ka san tushensu ba, ka kuma amince a mayar da su asusun da suka fito kaɗai. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan ɗaya, ka karɓi lambar ƙorafi. Wannan takarda mai hatimi ita ce garkuwarka in magana ta tashi bayan wata shida. Faɗa da baki a kan kanta ba ya barin shaida. In bankin na waya ne, shigar da ƙorafin ta cikin manhaja da imel, ka adana amsarsu.

Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya (CBN) ya fitar a 2018 kan tiransifar nan-take ta raba abin gida biyu. In kuskuren na banki ne, suna iya janye kuɗinsu ba tare da jiran izininka ba. In na kwastoma ne, bankinsa zai sanar da naka, a ɗaure daidai adadin a asusunka, a nemi amincewarka kafin a mayar. Shi ya sa ake son kuɗin su zauna cif: kar ragowar asusunka ta sauka ƙasa da 380,000. In ciniki kake yi da wannan asusun, karkatar da kwastomomi zuwa wani na 'yan kwanaki, don in aka ce kuɗin na damfara ne ana iya sa masa PND, kuɗi su shiga amma ba sa fita. Idan mako biyu suka wuce banki bai warware ba, kai ƙara sashen kare haƙƙin kwastomomi na CBN, haɗe da kwafin wasiƙar nan.

Wani zai ce maka ai tsintuwa ce, rabonka ne ya tsaga. Ita kanta tsintuwar shari'a cewa ta yi a yi cigiya shekara guda, balle wannan da sunan mai ita ke rubuce, banki kuma ya san inda yake. A dokar ƙasa ma, kashe kuɗin da ka san ba naka ba ne laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, ko da ba kai ka nemi a turo maka ba.

In ka ga sunan kamfani ne a sitetimen, duba ko ka taɓa sauke manhajar bashi a wayarka. Wasunsu kan turo kuɗin da ba a nema ba, bayan kwana bakwai su fara kira da ruwa mai nauyi, suna aika wa mutanen da ke wayarka saƙon cin mutunci. Matakin ɗaya ne, sai dai ka ƙara da kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, wato FCCPC, ka kuma cire wa manhajar izinin ganin lambobinka.

Idan kuwa ka riga ka taɓa wani abu a ciki, cike gurbin kafin ka je banki, ka faɗi hakan a wasiƙar, tunda sitetimen zai nuna. Wanda kuma ya riga ya tura wa mai kiran, ya kira bankinsa yanzu, kar ya jira gari ya waye, ya ce a bi kuɗin a ɗaure su a can, sannan ya je ofishin 'yan sanda mafi kusa da risitin da saƙonnin, ya karɓi takardar rahoto.